Awon Ramin da Wayar Wuta Ke Bi Cikin Katako

Jawabin da aka gabatar a zaman ƙara wa juna sani na reshe



Batun da aka ɗora mana yau ƙarami ne a ido, wato faɗin ramin da ake hudawa a jikin katako domin wayar lantarki ta wuce. Mai sauraro yana iya cewa wannan hurumin kafinta ne da mai wayarin, ina ruwan mai riƙe da alli? Gaskiya ne ba mu za mu riƙe injin huda ba, kuma ba mu ba kowa shawarar ya taɓa wayar wuta alhali bai koyi sana'ar ba. Sai dai idan an zo gyaran aji, ko ɗaura fanka, ko raba ofis gida biyu da katako domin a sami ɗakin kwamfuta, mu ake bari a wurin. Shugaban makaranta, ko malamin da ke cikin kwamitin kula da makaranta, shi ake miƙa wa takarda ya sa hannu cewa aiki ya kammala. Da zarar an rufe silin an shafe bango da fenti, babu mai sake ganin ramin nan, amma yaranmu za su zauna ƙarƙashinsa shekara da shekaru. Ban da wannan, da yawa daga cikinmu suna tayar da 'yan gidajensu da kuɗin adashi da rancen ƙungiyar gama-kai. Wanda ya san abin da zai duba kafin a rufe aiki ya tsare gumin goshinsa, ya tsare rayukan da ke cikin ɗakin.

Inda wannan tambaya ta fi nauyi shi ne Amurka da Kanada, domin akasarin gidajen zama a can da katako ake tayar da su. Ana jera katakai a tsaye, tsakanin kowane da na kusa da shi inci 16, wato kimanin santimita 40, sannan a rufe su ta ciki da allunan jifsam, dangin abin da ake yin silin fi'ofi da shi a nan. Bango mai tsawon mita huɗu yana da irin waɗannan katakai goma ko fiye, kuma waya ba ta da hanyar zuwa daga soket zuwa soket sai ta ratsa su ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka mutanen can suka zauna suka rubuta awo. Kundin dokokin Amurka na aikin lantarki, wanda ake kira NEC, ya fara fitowa a 1897, kuma ana sabunta shi duk bayan shekara uku. Suna da wani kundin daban na ginin gidajen zama, shi kuma ƙarfin katako yake karewa. Ingila ma tana da nata dokokin wayarin tun 1882, waɗanda a yau ake kira BS 7671. Waɗannan dokokin ƙasashensu ne, amma dalilan da ke bayansu ba su da ƙasa, domin ƙusa da katako da zafi halinsu ɗaya ne a ko'ina.

Kafin mu shiga lissafi, akwai abu guda da ya kamata mu riƙe. Katakon da Amurkawa ke kira inci biyu da huɗu bai cika biyu da huɗu ba. Bayan an busar da shi an goge, kaurinsa inci ɗaya da rabi ne, faɗinsa inci uku da rabi, wato milimita 38 da milimita 89. A cikin milimita 89 ɗin nan ne ake neman wurin rami, kuma abubuwa uku ke jayayya a kansa: waya tana son sarari, ƙusa tana son a yi nesa da ita, katako kuma ba ya son a rage masa jiki.

Mu fara da waya. Wayar soket mai kaurin 2.5, irin shimfiɗaɗɗiyar nan mai rigar roba, faɗinta ya kusa milimita 10. Wanda ya huda mata rami mai milimita 10 cif yana ganin ya yi tsabtataccen aiki, amma sai an ja da ƙarfi za ta wuce, kuma bakin ramin yana kankare rigarta a kowane katako da ta ratsa. Raunin yana ɓoye a cikin ramin, inda ido ba ya kaiwa. Wuta za ta kama a ranar gwaji, fanka ta juya, kowa ya watse da murna. Sai an ɗauki lokaci, danshi ya shiga, ko ɓera ya ƙarasa abin da katako ya fara, sannan tartsatsi ya tashi a tsakiyar busasshen itace. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan ya sa masu wayarin a Amurka suka fi amfani da rami mai kashi uku cikin huɗu na inci, wato milimita 19, ko mai milimita 22, domin waya ɗaya ko biyu. Suna kuma jera ramukan a tsayi ɗaya, domin waya ta tafi a miƙe ba tare da hawa da sauka ba. Gwajinsa ba ya bukatar na'ura: a kama wayar da yatsa biyu a motsa ta gaba da baya. Idan ta zame cikin sauƙi, ramin ya ishe ta.

Sai ƙusa. Dokar NEC ta ce tsakanin bakin rami da gefen katako kada ya gaza inci ɗaya da kwata, wato milimita 32. Dalilin adadin yana cikin aikin da zai biyo baya. Allon jifsam da aka saba yana da kaurin rabin inci, kusan milimita 13. Doguwar ƙusa mai murɗi da akan ɗaure shi da ita tana da milimita 41. Idan ta ratsa allon, abin da zai shiga katako milimita 28 ne, ya rage milimita huɗu kafin ta isa ramin. To, ga lissafin da ɗan aji biyar zai iya yi: katako milimita 89, a cire 32 ta gaba, a cire 32 ta baya, abin da ya rage 25. Ke nan rami mafi girma da wannan katako zai karɓa ba tare da ƙarin kariya ba shi ne inci ɗaya, shi ma sai ya faɗa tsakiya daidai wa daida. Hannun ɗan Adam kuwa yana karkacewa. Rami mai milimita 19 yana barin 35 ta kowane gefe, wato ya ba mai huda rarar milimita uku. Mai 22 yana barin 33 da rabi. Mai 25 ba ya barin rarar komai. Idan dole ta sa rami ya matso gefe, dokar ta ce a buga farantin ƙarfe mai kaurin aƙalla milimita 1.6 a fuskar katakon daidai wurin, domin ƙusar da ta zo ta tarar da ƙarfe ta tsaya.

Na uku shi ne ƙarfin katakon kansa. Kundin ginin Amurka ya raba bango iri biyu. Bangon da ke ɗauke da nauyin rufi ko na bene, ramin da ke cikin katakonsa kada ya wuce kashi 40 cikin ɗari na faɗinsa, wato kimanin milimita 35, sai fa in an haɗa katakai biyu wuri ɗaya. Bangon da raba ɗaki kawai yake yi, an yarda a kai kashi 60, kimanin milimita 53. A kowane hali kada bakin rami ya kusanci gefe fiye da milimita 16. Mu lura da abin da ya fito a nan. Dokar gini ta yarda da 35, dokar lantarki ta tsaya a 25. Idan dokoki biyu suka haɗu a kan katako ɗaya, wadda ta fi tsanani ita ake bi. Mai aikin da ya ce katakon zai ɗauka ya faɗi gaskiya ta fuskar nauyi, amma bai amsa tambayar ƙusa ba.

Katakon da ke kwance, irin wanda ke riƙe da bene ko silin, shi ya fi bukatar a tsaya a kansa, domin a nan ne aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Ku ɗauki soson goge allo ku zana layuka a tsaye a gefensa, sannan ku riƙe shi ta baki biyu ku danna tsakiyarsa ƙasa. Za ku ga layukan sama sun matse, na ƙasa sun buɗe, amma a tsakiyar kaurin soson tazararsu ba ta canja ba. Haka katako yake idan nauyi ya hau shi. Samansa yana matsewa, ƙasansa yana miƙewa, tsakiyarsa ce ke hutawa. Saboda haka itacen da ke tsakiya shi ne mafi arahar rasawa, na gefe shi ne mafi tsada.

Adadi zai nuna mana girman bambancin. Ƙarfin da katako ke da shi na jure lanƙwasa yana tafiya da zurfinsa sau zurfinsa. Mu ɗauki mai zurfin milimita 100. Idan aka sa zarto aka yanke masa gurbi mai milimita 25 a gefe domin a kwantar da waya, abin da ya rage 75 ne. Ɗari sau ɗari dubu goma, 75 sau 75 kuwa 5,625. An zubar da kusan kashi 44 cikin ɗari na ƙarfinsa a wurin. Idan kuwa rami mai wannan milimita 25 ɗin aka huda a tsakiyar zurfinsa, abin da aka rasa kwata sau kwata sau kwata ne, wato ɗaya cikin 64, bai kai kashi biyu cikin ɗari ba. Itacen da aka cire kusan ɗaya ne, amma wancan ya gurgunta katakon, wannan kuwa da ƙyar ya ji. Yankan gefe ya fi sauri, shi ya sa mai gaggawa ke zaɓarsa, kuma shi ne ke ajiye waya a bakin hanyar ƙusa.

Duk da haka tsakiyar zurfi ba ta hutawa a kowane wuri. Kusa da inda katako ya hau bango, wani irin nauyi mai neman tsage shi a tsawonsa ya fi taruwa a tsakiyar zurfin. A tsakiyar tsawonsa kuma lanƙwasa ta fi yawa. Shi ya sa ƙa'idar Ingila ta keɓe wuri tsakanin biyun. Ta ce a huda a tsakiyar zurfi, faɗin rami kada ya wuce kwatan zurfin, kuma wurinsa ya kasance tsakanin kashi 25 da kashi 40 cikin ɗari na tsawon katakon, ana aunawa daga inda ya dogara. Idan tsawon mita uku ne, wurin hudawa yana tsakanin santimita 75 da 120 daga kowane baki. Ramuka biyu kuma a bar tazarar faɗin rami uku daga tsakiyar ɗaya zuwa tsakiyar ɗaya. Waya ta yi nisan milimita 50 daga fuskar da ƙusa za ta shigo, in ba haka ba a sa mata kariyar ƙarfe. Amurkawa sun ɗan sassauta, sun yarda rami ya kai sulusin zurfin, amma su ma sun ce a bar inci biyu sama da ƙasa.

Akwai tambayar da ke biye da faɗin rami, ita ce waya nawa za a cusa a ciki. Duk wayar da wuta ke bi tana ɗumi, kuma idan wutar ta ninka, zafin yana ninkawa sau huɗu. Robar da aka saba rufe waya da ita an yi ta ne ta jure digiri 70 a ma'aunin Salshiyas. Jadawalin Ingila na yawan wutar da waya za ta ɗauka an gina shi a kan iska mai digiri 30. Idan iskar ta kai 40, ana rage adadin zuwa kashi 87 cikin ɗari, idan ta kai 50, zuwa kashi 71. Layuka biyu da aka ɗaure wuri ɗaya ana rage su zuwa kashi 80, uku zuwa kashi 70. A watan Afrilu zafin inuwa kan kai digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, kuma duk wanda ya taɓa leƙa tsakanin kwano da silin da rana tsaka ya san can ya fi haka nesa. Mu ƙaddara ya kai 50. Wayar da jadawali ya ba amfiya 20 ta koma 14, in kuma tana cikin damin layuka uku ta koma kusan 10, rabin abin da aka zata. Wucewa ta rami ɗaya gajere ba shi ke dafa waya ba. Abin da ke dafa ta shi ne ramin ya tilasta wa wayoyi su tafi a dunƙule tsawon ɗaki, ko a toshe shi da abin da ke riƙe zafi. Dokar Amurka ta ce idan wayoyi fiye da biyu suka bi rami ɗaya kuma aka liƙe shi, sai an sake lissafin wutar da za su ɗauka. Don haka ƙananan ramuka biyu masu tazara sun fi ƙato ɗaya, ga waya da katako baki ɗaya.

Yanzu mu dawo gida. Gine-ginenmu na bulo ne da siminti, kuma tsarin wutarmu ya bi sawun na Ingila, bolt 230 da soket mai ido uku. Katako yana zuwa mana a wuri uku: bangon raba ofis ko shago, katakan da ke riƙe da silin, da na rufi. Abu na farko shi ne kada a yi lissafi da sunan katako. Na kasuwarmu ba kasafai yake cika awon da ake kiransa da shi ba, don haka a sa tef. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a aikin da rararsa milimita uku ce ido bai isa ba. Katako mai inci biyu da uku, ko ya cika milimita 75, in an cire 64 saura 11, wanda da ƙyar ya ishi waya ɗaya. Mai inci biyu da biyu da ake yin ragar silin da shi ba shi da wurin rami sam, domin 64 ta fi 50. Wannan ba a huda shi. A cikin silin akwai sarari, waya ta bi ta saman katakan cikin bututu, ko a kama ta a gefensu da maƙalai. Katakan da aka haɗa suka zama gadon rufi kuwa kowanensu yana aiki ne da ɗan'uwansa, ba a yanka ba a hudawa sai da izinin injiniya.

Akasarin wayarin ɗinmu cikin bututun roba ake yi, mai milimita 20 ko 25, kuma wannan adadi awon bayansa ne. Bututu mai 20 yana son rami mai 22, mai 25 yana son kusan 28, wanda ya riga ya haye iyakar da muka lissafa wa katako mai milimita 89, sai da farantin ƙarfe. Cikin bututun ma ba a cika shi maƙil. Ƙa'idar Amurka ta tsaya a kashi 40 cikin ɗari idan wayoyi sun wuce biyu. Inda waya za ta ratsa ƙarfe ko alminiyam, a sa zoben roba a bakin ramin, domin kaifinsa ya fi na katako. A jikin bulo kuma, ƙa'idar Ingila ta ce hanyar da aka sara a tsaye kada zurfinta ya wuce sulusin kaurin bango, wadda aka sara a kwance kada ta wuce ɗaya cikin shida. A bulo mai inci shida wannan milimita 50 ne da 25, kuma namu mai rami a ciki fatarsa siririya ce, ya fi son a yi hattara. Fila da lintal da rodin da ke cikinsu ba wurin sara ba ne ko kaɗan.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ta shafe mu kai tsaye, mu masu buga ƙusa kullum domin rataya taswira da kalanda da jadawalin darasi. A tsarin Ingila, wayar da aka binne a bango tana tafiya ne a miƙe daga soket ko makunni, sama ko ƙasa ko a kwance, ko kuma cikin milimita 150 daga silin ko kusurwar ɗaki. Ba a yarda ta ratsa bango a karkace ba sai da kariya ta musamman. Hikimar ita ce wanda ya ga makunni ya san inda waya take. Saboda haka kada mu buga ƙusa daidai saman makunni ko soket, ko ƙasansa, ko a layinsa, kuma mu gaya wa manyan ɗalibai da muke aikawa su rataya mana abu.

Abin da muke roƙon kowane shugaban makaranta da kowane ɗan kwamiti shi ne ya nemi a nuna masa aiki kafin a rufe, ya shiga da tef a hannu. Ya duba ko ramuka suna tsakiya, ya auna abin da ya rage ta kowane gefe, ya motsa waya ya ji ko tana zamewa, ya ƙirga wayoyin da ke rami ɗaya, ya nemi inda aka yi yankan gefe. Ya ɗauki hoto da wayar hannunsa a ajiye a fayil ɗin makaranta, domin wanda zai gaje shi ya san hanyar da wuta ta bi. Ya tambayi mai aikin takardar shaidarsa, domin hukumar NEMSA, wadda doka ta kafa a 2015, ita ke tantance masu aikin wayarin a Nijeriya. Ya yi duk wannan cikin ladabi da girmama mai sana'a. Ƙwararre ba ya ƙin a duba aikinsa, kuma sau da yawa tambayarmu ce za ta ba shi hujjar neman kayan da suka dace daga wanda ya ba shi aikin. Gyaran da za a yi da farantin ƙarfe ɗaya yau, bayan an rufe sai an ɓalle silin.

Masu koyar da lissafi a aji biyar da shida kuma sun sami darasi a ɓagas. Guntun katako, tef da soso sun isa a koyar da debewa, kashi cikin ɗari, kwata da sulusi, da sauya inci zuwa milimita. A cikin yaran nan akwai kafintoci da masu wayarin na gobe, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

 Allah ya tsare mu da ɗalibanmu daga gobara, ya mayar da kowa gidansa lafiya.